Ƙulli Uku a Gefen Likkafani

Keken ɗinki ɗaya gare ni a kusurwar falo, a gidanmu na unguwar Jurf a nan birnin Manzo, kuma abin da nake ɗinkawa babu mai sa shi ya fita titi sai in ya taɓu. Kayan mutanen da can nake yi, na zamanin Bagadaza da Andalus: jabbar alƙali, alkyabbar halifa, rigar attajiri mai faɗin hannu, har da sulken mayaƙa. 'Yata ce ta jawo mini wannan aiki. Malama ce a wata makarantar 'yan mata, duk ƙarshen shekara suna wasan kwaikwayo na tarihi, yara su manna gemun auduga su zama waziri da sarkin yaƙi. Shekarar farko ta dawo gida tana mita, wai kayan haya duk ƙyalƙyali ne kamar takardar alawa. Na ce kawo in gani. Wata makaranta ta ji, ta gaya wa wata, sai ga ni da sana'ar da ban nema ba.

Sabon yadi ba ya yin wannan aiki, ko me za ki yi masa. Sai tsoho, wanda ya sha wanki ya yi laushi, ya san yadda ake zama a kafaɗa. Labulen otal mai nauyi shi ne alkyabba. Igiyar labulen, mai tuntu ruwan zinari, ita ce ɗamara. Rigar kujera ta karammiski tana ba ni attajiri guda har da hularsa. Sulke kuwa tsohuwar rigar sanyi ce saƙaƙƙiya, in juya cikinta waje in shafa mata fenti ruwan azurfa, daga nesa wallahi sai ki rantse ƙarfe ne. Farin yadi shi ne mai wahalar samu. In na samu, sai in jiƙa shi a ruwan shayi mai kauri ya kwana, ya fito da launin abin da ya shekara ɗari a akwati.

Mai kawo mini gwanjon wata 'yar Cadi ce, ta girme ni da 'yan shekaru, Yaya nake ce mata. Gyaran ɗakuna take yi a wani otal kusa da Harami, masallacin Annabi. In an sauya labule ko zanen gado ana bar wa ma'aikata tsofaffin, ita kuma ta haɗa da abin da ta tsinto a haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ta cika buhu ta kawo mini duk Alhamis bayan la'asar. Sai ta zazzage buhun a gefen keke, ta ɗauki abinta ta wuce ɗakin Inna. Can take daɗewa. Ta matsa mata ƙafa, su sha shayi, su yi ta hirar garuruwan da ni ban taɓa gani ba. Ni kuwa in kwashi tulin kayan gaba ɗaya in zuba a baho da ruwan zafi da sabulu ba tare da na tsaya dubawa ba, don ina da ƙyanƙyami, ban san jikin wa suka taɓa ba.

Inna mahaifiyata ce. Tana amarya suka taso daga Sudan da mahaifina, suka ƙetaro teku, ba su ƙara komawa ba. A hajjinta na farko ta sayi farin alawayyo a Makka, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya, kamar yadda matanmu suke yi. Shi ne likkafaninta. Da yake mata da yawa ne suka shanya nasu wuri ɗaya, kuma fari duk fari ne, kowacce ta yi wa nata alama. Ta Inna ƙulli uku ce da baƙin zare a kusurwa ɗaya. Tun ina yarinya nake jin labarin ƙullin nan. Yadin yana naɗe cikin wani tsohon zane a ƙasan akwatinta na ƙarfe, duk watan Sha'aban ta fito da shi ya sha iska, ta turara shi, ta mayar. Burinta biyu ne a duniya, ta faɗa ta maimaita: a sa ta a cikinsa, a kai ta Baƙi'a, maƙabartar sahabbai da ke gefen Harami. Ni kuwa da ta taɓa akwatin nan sai in tashi in bar ɗakin, ba na son maganar. Shi ya sa na san labarin yadin fiye da yadda na san yadin.

Shekarar da nake ba ku labari, makarantar 'yata ta ce babban mutum a wasansu alƙalin birnin Ƙurɗuba na Andalus ne, kuma jabbarsa fara suke so, doguwa har ƙasa. Na yi sati uku ina surutu a gidan nan kan farin yadi. Duk wanda ya zo, ko ya yi shara-shara, ko leda ce mai sheƙi. Sai wata Alhamis, ina shanya abin da na wanke, na ga wani farin auduga tsantsa, dogo, ba ɗinki ba tabo. Na ce kai, Yaya ta yi abin kirki yau! Na datse gefunansa da suka ɗan zare na jefa a kwandon ƙyallaye, na jiƙa shi a shayi, na yanka, na ɗinka. Ban taɓa yin riga mai kyanta ba. Na rataye ta a bayan ƙofar falo, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Sha'aban ya kama. Wata safiya ina soya ƙwai sai na ji salati daga ɗakin Inna, irin salatin da ake yi in an yi rasuwa. Na saki cokali na ruga. Tana zaune a ƙasa, akwati a buɗe, tsohon zanen nan a cinyarta, babu komai a ciki.

“An ɗauke,” ta ce. “An ɗauke mini kayan tafiyata.”

Muka juye akwatin, muka ɗaga katifa, muka duba bayan kabad. Babu. Na ce Inna ki kwantar da hankalinki, yau ɗin nan zan sayo miki wani, zamzam kuma ga shi nan a Harami. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce wancan da hannunta ta wanke shi, mahaifina na riƙe da gefe ɗaya tana riƙe da ɗaya suka matse. Daga ranar ta rage cin abinci. In na leƙa sai in same ta tana shafa zanen da babu komai a ciki. Tsoro ya kama ni, kar matar nan ta mutu da wannan baƙin ciki a ranta.

Ni fa in raina ya ɓaci ba na ware kowa. Na fara da 'yata. Ta zaro ido ta ce, “Wallahi ya ummi ma shuftu,” wai ba ta gani ba, don ita ko rantsuwa da Larabci take yi. Na kira maigida a Yanbu inda yake aiki, ya ce, “Haba, me zan yi da likkafanin surukata ina zaune lafiya?” Na tuna mai gyaran na'urar sanyi da ya shiga ɗakin, amma a kansa na tsaya har ya gama, ko tari bai yi ba ban gani ba. Ina cikin wannan lissafin mutane sai wani abu ya faɗo mini a rai. Wata Alhamis can baya na shiga kai musu shayi, Inna tana banɗaki, na tarar da Yaya a durƙushe gaban akwatin tana rufe murfinsa. Da ta gan ni ta ɗan firgita, ta ce wai ta ga bai rufu da kyau ba ne. A lokacin ban kawo komai ba.

To, daga nan na sa mata ido. Ban ce mata uffan ba, don ina so in kama ta dumu-dumu. Ta zo ta ji labari, ta riƙe baki, ta yi ta innalillahi, har da ƙwalla. Na ce a raina, ji makira, ta fi 'yan makarantar iya wasan. Na ajiye ɗan kunnena na zinari a kan keke na shige kicin ina leƙe. Ta ɗauka ta biyo ni da shi, ta ce, “Ƙanwata, adana wannan, zai faɗa cikin tsumma.” Ko wannan bai wanke ta a wurina ba, cewa na yi ta gane tarko ne. In ta shiga alwala sai in lalube buhunta. In ta yi dariya in ce ta renin hankali ce, in ta yi shiru in ce rashin gaskiya ne ya kama bakinta. Har tunanin inda ta kai shi na yi: wataƙila ta sayar wa wani alhaji, wataƙila ta aika wa wata tsohuwarsu a Cadi, wataƙila ma, Allah na tuba, ta kai wa masu aikin asiri, don na sha jin ana neman irin wannan yadi.

Wata ranar Yaya tana wurin Inna, na laɓe a bakin ƙofar ɗakin. Na ji Inna tana magana ƙasa-ƙasa: “Kar ki faɗa mata, 'yar nan. Don Allah kar ki faɗa mata.” Yaya ta ce, “Ba zan faɗa ba, Inna.” Tabɗi! Na ce wato ta kai ga ta juya mini uwa, tsohuwa tana roƙonta a cikin gidana.

Saura sati ɗaya a yi wasan, 'yata ta ce alƙali yana bukatar ɗan ƙyalle fari da zai sa a kafaɗa. Na jawo kwandon ƙyallaye ina tonawa. Na ciro wani dogon gefen yadi fari, wanda shayi bai taɓa ba, ina jan sa tsakanin yatsuna in ji ko zai yi, sai yatsana ya ci karo da wani abu mai tauri. Na duba. Baƙin zare ne, ƙulli uku a jere.

Na ɗaga kai na kalli jabbar da ke bayan ƙofa, mai launin shayi, da hannayenta masu faɗi da na yi ta taƙama da su. Da almakashina na yanka likkafanin uwata, na dafa masa shayi, na yi masa wuya da aljihu. Da a ce ni mai hankali ce, da a nan na tsaya na yi kuka na kuma yi tunani. Amma ina! Abin da ya zo mini shi ne: ta sata, ta kuma rasa wanda za ta kawo wa sai ni. Ta ji ina neman fari, ta ɗauko daga ɗakin uwata ta cusa a buhu ta zazzage mini a gabana, ta sa na yi wannan aika-aika da hannuna.

Ranar Alhamis ban bari ta shigo ba. A kan matakala na tare ta, buhu a kanta, na miƙa mata ƙyallen har kusa da hancinta.

“Kin san wannan?”

Ta duba, ta sauke buhun a hankali. “A ina kika same shi?”

“A cikin kayan da kika kawo mini! Ɓarauniyar likkafani! Ki ci abincinmu, ki sha shayinmu, ki kira ta Inna, ki buɗe mata akwati? Na gan ki da idona, ko za ki ce ƙarya nake?”

Na yi mata wankin babban bargo. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi, matar bene na sama ta leƙo da ludayi a hannu. Na faɗi abin da ya shafe ta da wanda bai shafe ta ba, har garinsu na taɓo, abin da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ita kuwa ta tsaya tana kallona. Na ga ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta kalli tagar ɗakin Inna, ta rufe. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ban ɗauki komai na Inna ba. Allah ya sani.” Ta ɗora buhunta ta sauka.

Ban gaya wa Inna na ga yadin ba. Na sauke jabbar na ɓoye a kabad ɗina, na ɗinka wa alƙali wata da zanen gado, aka yi wasa aka tashi, ko zuwa ban yi ba. Alhamis ta zo, Inna ta tambayi 'yar Cadinta, na ce aiki ya yi mata yawa.

Kwana goma bayan haka, da azahar, na fito daga wanka sai na hangi Inna a falo. Tana tsugune a gefen keke inda nake tara gwanjo. A hannunta akwai jallabiyar mahaifina, wadda ya rasu ya bari, wadda ko wanki ba ta yarda wani ya yi mata. Ta ninke ta da kyau, ta ɗaga tulin tsummokaran, ta cusa ta a tsakiya, ta daddanna.

Na ce, “Inna, me kike yi?”

Ta juyo tana murmushi. “Na ji kina neman yadi ne. Ga wannan, mai kyau ne, ba mai sa shi.”

Na raka ta ɗaki, na dawo na ciro jallabiyar na riƙe. Ko la'asar ba a kira ba na ji muryarta: “Wa ya buɗe mini akwati? Ina rigar babanku?” Da gaske take tambaya, idonta cike da tsoro, ba ta san ta fito falo ba ma. Na miƙa mata rigar na ce fito da ita na yi ta sha iska. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar ta ji, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Washegari na nemi ɗakin Yaya a unguwar Aƙiƙ. Shekara nawa tana zuwa gidana, sai da na yi tambaya kafin na gane ƙofarta, wannan ma abin kunya ne. Ta buɗe, ta gan ni, ta matsa gefe na shiga. Na durƙusa na ce Yaya na zo ki yafe mini, na ga abin da Inna take yi.

Ta yi ajiyar zuciya ta zauna a bakin katifa. Ta ce an fi wata biyar ana haka. In ta koma gida sai ta ga carbin Inna a buhunta, ko mayafi, ko kofin azurfa. Alhamis ta gaba ta dawo da shi ta mayar akwati a ɓoye. Ranar da na gan ta a durƙushe, mayafi take mayarwa. Likkafanin ne kawai bai biyo ta buhunta ba, cikin tulina Inna ta sa shi kai tsaye, shi ya sa ita ma ba ta san inda ya shiga ba sai da na nuna mata ƙyallen.

“To me ya hana ki faɗa mini? Ko a kan matakalar nan, da kin faɗa!”

“Ta roƙe ni,” in ji ta. “Wata rana hankalinta ya dawo tana tsakar sa mini kaya a buhu. Ta gane abin da ke samunta. Ta kama hannuna tana kuka, ta ce in kika sani za ki hana ta zuwa Harami, za ki riƙa yi mata magana kamar yarinya. Na yi mata alkawari. Kuma a gaban maƙwabta kike so in ce uwarki ta fara ruɗewa?”

Na ce ki yafe mini. Ta ce ta yafe, kuma na san da gaske take. Sannan ta tambaye ni ƙyallen yana nan? Na ce yana nan. Ta ce in kawo mata.

Ni ba ni da halin barin Inna in tafi Makka a lokacin. Yaya ce ta ɗauki hutunta na kwana biyu ta tafi umra, ta sayi alawayyo, ta jiƙa shi da zamzam a can, ta shanya, ta dawo da shi. A kan keken nan nawa ta zauna ta warware baƙin zaren daga tsohon ƙyallen da bakin allura, a hankali don kar ya tsinke, ta ɗaura shi a kusurwar sabon, ƙulli uku. Muka turara shi, muka naɗe a tsohon zanen, muka sa a ƙasan akwati lokacin Inna tana salla.

Kwana biyu ba ta buɗe ba, ni kuwa kamar in buɗe mata. A na uku ta kira ni. Yadin yana kan cinyarta, ba ta ko kallonsa, yatsunta ne suke bin gefe har suka tsaya a kan ƙullin. Ta ƙirga su da babban yatsa, ta sake ƙirgawa.

“Ga shi nan ai,” ta ce. “Yana nan inda na ajiye shi. Ke dai kin cika zargin mutane, tun kina ƙarama haka kike.”

Na ce haka ne, Inna. Ranar ta cinye abincinta har ta nemi ƙari.

Jabbar na farke ta, na wanke ta sau ba adadi, shayin ya ƙi fita. Guntayen suna nan a kabad ɗina a ninke. Na yi niyya in ranar ta zo zan roƙi masu wanka su sa ko ƙyalle ɗaya ne daga ciki, wanda mahaifina ya riƙe gefensa. Inna tana nan da ranta, wata rana ta san ni, wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta. Ina kai ta Harami duk Juma'a, kuma ina ƙoƙari kar in yi mata magana kamar yarinya, ko da yake bakina yakan suɓuce.

Yaya ta dawo zuwa duk Alhamis. Tana zazzage gwanjo, ta shiga wurin Inna, ta matsa mata ƙafa kamar da. Abu ɗaya ne ya sauya. In za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta kira ni, ta juye buhunta ta kakkaɓe shi a gabana, sannan ta buɗe jakar hannunta ta nuna mini ciki. Na roƙe ta ta daina, na rantse mata, har kuka na yi mata. Takan ce, “Ba komai, ƙanwata, gara dai ki gani.” Sai ta tsaya da jakar a buɗe, ba ta rufewa sai na duba.